Ranar da Na Ci Dim Sum Ban Tambayi Kowa Ko Akwai Alade Ba

Shekara bakwai ina zuwa Guangzhou, wato Gwanzu kamar yadda muke kiranta a kasuwa, ina saro caja da batir da gilashin waya ina kawowa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. A duk shekarun nan ƙafata ta san garin, amma cikina unguwar Xiaobei kawai ya sani. Taliyar Lanzhou wadda ake ja da hannu a gabanka, tsiren 'yan Uyghur da gurasarsu, sai shinkafa da miya a ɗakunan 'yan'uwanmu 'yan Afirka. Idan ban ga haruffa biyun nan da ake karantawa qingzhen ba, wato halal, a saman ƙofa, ba na shiga. Abincin 'yan garin kansu kuwa, mutanen Kanton da duk ƙasar Sin ta sallama musu a girki, ta gilashi nake hango shi.

Sau ɗaya na taɓa zama a teburinsu. Mai masana'antar da nake sayen caja a wurinsa, wanda nake kira laoban kamar yadda kowa ke kiran maigida a can, shi ya gayyace ni shayin safe bayan mun kammala wani ciniki mai ɗan kauri. Mutum ne mai kirki, ya taɓa ba ni kaya bashi ba tare da takarda ba. Ya kai ni wani babban gidan shayi, ya cika tebur da ƙananan kwanduna na gora, kowane yana tururi, cike da 'yan ƙananan abincin da suke kira dim sum. Sai na ɗauko waya na fara tambaya da manhajar fassara. Wannan da alade. Wannan ma. Na nuna curin naman sa na ce to wannan fa, mai hidima ta je kicin ta dawo ta ce suna sa kitsen alade kaɗan don ya yi laushi. Na nuna ɗan kek ɗin ƙwai, aka ce da man alade aka murza ɓawonsa. Har na jatan lande bai tsira ba. A ƙarshe shayi na sha da ɗan ganye da aka tafasa mini daban. Fuskar mutumin nan ba ta fita raina ba har yau. Na san abin da Bahaushe yake ji idan ya yanka wa baƙo kaza, baƙo ya zauna ya naɗe hannu. Shi bai yi laifi ba, ni ma ban yi ba, amma dukanmu da kunya muka tashi.

Wannan labarin na ba wani dattijo ɗan Maradi da muke haɗa kwantena da shi, muna cikin jirgin ƙasa mai gudu daga tashar Gwanzu ta Kudu zuwa West Kowloon a Hong Kong. Layin an buɗe shi a 2018, tafiyar ba ta wuce awa ɗaya ba, sai dai mai fasfon Najeriya sai ya nemi bizar Hong Kong daban, ta Sin ba ta shigar da shi. Alhaji ya daɗe yana bin hanyar nan tun ana sarin waya a buhu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaro, gobe Lahadi kada ka karya. Zan kai ka inda za ka ci abin nan duka, ba za ka tambayi kowa komai ba."

Na ce, "Alhaji, a Hong Kong?"

Ya ce, "A cikin masallaci ma kuwa."

A Chungking Mansions muka kwana, ginin nan na titin Nathan da kowane ɗan kasuwar Afirka ya sani, mai ƙananan ɗakuna da dogon layin lifta. Wajen ƙarfe goma muka fito muka gangara bakin ruwa muka hau Star Ferry, jirgin fito mai launin kore da fari da ya haura shekara ɗari yana tsallaka da mutane. Akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa da ya fi sauri, amma Alhaji ya ce yunwa ta fi kamawa da iskar teku. Minti goma bai cika ba muka sauka a Wan Chai. Muka taka da ƙafa, muka tsallaka titin Hennessy inda taragun nan masu hawa biyu suke wucewa suna kaɗa ƙararrawa, muka shiga wata unguwa mai makarantu, har muka kai lamba 40 a titin Oi Kwan.

Masallacin Ammar ke nan, cikakken sunansa Masjid Ammar and Osman Ramju Sadick Islamic Centre, an buɗe shi a 1981. Wanda ya saba da masallaci mai faɗin haraba zai iya wuce shi bai lura ba, domin a Hong Kong ƙasa ta fi komai tsada, komai sama yake tafiya. Wurin alwala a wani hawa, wurin sallar maza a wani, na mata a wani, ajujuwa da ofisoshi a sama. Wurin cin abincin yana hawa na biyar. A bakin lifta muka tarar da cincirindon mata 'yan Indonesiya cikin hijabai masu launi iri iri. Lahadi ce ranar hutunsu daga aikin gida, a ranar suke zuwa karatu da salla da ganin juna. Ƙididdigar gwamnati ta ce Musulmin Hong Kong sun kai kimanin 300,000, kuma kusan rabinsu 'yan Indonesiya ne. Sai da lifta ta je ta dawo sau uku kafin muka samu shiga.

Ƙofa tana buɗewa, hayaniya ce ta fara tarbar mu, sannan ƙamshi. Babu wani ado a wurin. Falo ne mai haske, tebura masu da'ira, kujeru na talakawa, kamar ɗakin cin abinci na makarantar kwana. Amma babu kujera ko ɗaya da ba kowa a kai. Ga Sinawa tsofaffi da jarida, ga iyalan Pakistan da yara, ga 'yan yawon buɗe ido daga Malesiya suna ɗaukar hoto, ga kuma waɗanda da gani ka san ba Musulmi ba ne, daɗin abincin da sauƙin kuɗinsa ya kawo su. Muka tsaya jira kusan minti ashirin. Sai wata ma'aikaciya ta ɗaga yatsu biyu, ta nuna mana wani tebur da mutum uku suka riga suka zauna.

Na ja baya na ce, "Alhaji, ai da mutane."

Ya ce, "Zauna. Nan ba a mallakar tebur, kujera kawai ake mallaka."

Daap toi suke kiran wannan, haɗa tebur da wanda ba ka sani ba, kuma a Hong Kong ba abin mamaki ba ne. Abokan zamanmu wasu mata biyu ne 'yan Indonesiya da wani tsoho Basine mai farar hula, ya haura saba'in, da kofin shayi a gabansa da kwando biyu kacal. Muka yi sallama. Ya amsa cikakkiya, har da wa barakatuhu, da harshen da ya saba da ita tun yarinta. Wannan amsar ce ta fara kwantar mini da hankali.

Aka ajiye mana butar shayi, da ƙananan kofuna marasa mariƙi, da tasa da cokalin tangaran da tsinken cin abinci, da wani kati mai gidaje gidaje. Na miƙa hannu zan zuba shayi in sha, sai tsohon ya taɓa mini hannu a hankali. Ya jawo tasata ya zuba shayi mai zafi a ciki, ya kwantar da kofin yana juya bakinsa da yatsa, ya tsayar da tsinken ya kwarara musu shayi daga sama, ya ɗauraye cokalin, ya juye ruwan a wani kwano. Duk bai ɗauki rabin minti ba. Ya ce da Turancinsa mai kyau, kayan a wanke suke, wannan al'ada ce tun zamanin da ba a yarda da wankin gidajen shayi ba, yanzu hannu ne kawai ya saba. Na tuna yadda ake ɗauraye kwano mai tsabta a gidanmu kafin a zuba wa baƙo ruwa.

Daga nan ya zama malaminmu, ko in ce malamina, don Alhaji ya san hanya, dalilan ne bai taɓa tambaya ba. Tsohon ya ce abin da muka zo yi sunansa yum cha, ma'anarsa shan shayi. Dim sum su ne 'yan ƙananan abubuwan da ake rakiyar shayin da su, kuma kalmar tana nufin abin da ya ɗan taɓa zuciya. Ya nuna kwandunansa biyu da kofinsa ya ce tsofaffin Kanton suna da magana, kofi ɗaya da guda biyu, iyakar abin da mutum yake buƙata ke nan ya zauna ya yi safiya. A Gwanzu akwai gidajen shayi irin su Taotaoju da Lianxiang da suke nan tun ƙarni na 19, ya ce, kuma har yau da sassafe za ka ga tsofaffi sun riga kowa.

Shayin baƙi ne wuluk, ba sukari, ba madara. Bo lei suke kiransa, daga lardin Yunnan, ana ajiye ganyensa ya daɗe har ya yi wani ƙamshi kamar ƙasar da ruwan farko ya sauka a kanta. Kurɓar farko ba ta yi mini ba. Alhaji, wanda ya tashi da shayin Nijar mai zagaye uku da sukari har ya yi danƙo, ya ce shi ma haka ya ji da farko, in bari sai maiƙo ya shiga bakina. Gaskiyarsa. Bayan kwando na uku na gane aikin shayin nan, wanke baki yake yi ya mayar da shi sabo.

Akwai ladabin shayin, kuma shi ya fi burge ni. Ba ka zuba wa kanka sai ka zuba wa kowa, na ƙarshe kai ne. Idan aka zuba maka, ba sai ka katse hira ko ka yi magana da abinci a baki ba, sai ka ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu kusa da kofin. Tsohon ya ba mu tatsuniyar da ake dangantawa da wannan: wai sarki Qianlong ya fita yawo a ɓoye cikin kayan talakawa, ya zuba wa baransa shayi, baran ba halin ya faɗi ya yi gaisuwa kada asiri ya tonu, sai ya lanƙwasa yatsunsa a kan tebur kamar mai durƙuso. Idan kuma buta ta ƙare, ba a ɗaga murya. Murfin ake zamewa a bar shi a karkace, mai hidima yana gani zai zo da ruwan zafi. Na gwada da kaina, ban ƙirga goma ba aka zo aka cika.

Sai batun ɗauko abinci. A wasu tsofaffin gidaje mata ne suke tura amalanke tsakanin tebura suna kiran sunan abin da suka ɗauko, a wasu kuma takarda ake ba ka ka yi alama. A nan kai za ka tashi da katinka ka je wurin kanta. Kwandunan gora ne a jere, an ɗora wani kan wani, tururi yana ratsa su tun daga ƙasa har sama. Aikin madambaci ne sak, sai dai madambacin hawa hawa. Ka nuna abin da kake so, a ɗora maka a faranti, a buga hatimi a katinka a gidan da ya dace da kuɗin abin, don kwandunan suna da daraja daraja: ƙarami, matsakaici, babba, da na musamman. A ƙarshe hatiman ake ƙirgawa.

Na tsaya a gaban kantar nan, hannuna ya tafi aljihu zai ɗauko waya. Shekara bakwai ke nan duk inda na ga abincin Sinawa abin da nake fara yi ke nan. Sai na tuna inda nake. A ƙarƙashin ƙafata mutane suna alwala. Na mayar da wayar. Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai yi zaman baƙunta a ƙasar da alade ne naman yau da kullum ba irin sauƙin da na ji a ƙirjina. Na nuna wannan, na nuna wancan, na nuna wanda ban ma san ko mene ne ba. Matar tana ta buga hatimi tana murmushi.

Da na dawo da kwando bakwai, tsohon ya girgiza kai ya ce na yi gaggawa. Ba a kwaso su gaba ɗaya, don abin da aka turara ba ya jira, yana hucewa ɓawonsa yake tauri. Biyu ko uku ake ɗaukowa, a ci, a sha shayi, a yi hira, a sake tashi. Tunda an riga an kawo, muka tura wa matan nan biyu, suka ƙi, muka matsa, suka ɗauka, su ma suka turo mana nasu. Tebur ya zama ɗaya.

Ya ce in fara da har gau, domin da shi ake auna gwanintar mai dafa dim sum. Guda huɗu ne a kwando, kowane bai fi babban yatsa biyu ba, fari mai sheƙi, kana hango jan jatan lande ta cikin ɓawon kamar fitila a bayan labule. A gefe ɗaya an yi masa ƙananan naɗe naɗe, na ƙirga tara a nawa. Ya ce gwani ba ya yin ƙasa da bakwai. Ɓawon ba da fulawa ake yi ba, da sitacin alkama ne haɗe da sitacin rogo, a kwaɓa da tafasasshen ruwa, a danne shi da gefen wuƙa har ya yi siriri. Rogo dai da muka sani. Sharuɗɗansa uku: kada ya manne da takardar kwando, kada ya fashe idan an ɗaga, kuma ya shiga baki a loma ɗaya. Na farko ya kuɓuce mini daga tsinke ya faɗa tasa. Tsohon ya nuna mini dabara: tsinke a dama, cokali a hagu yana tare ƙasa. Na biyu ya isa lafiya. Ɓawon yana da ɗan danƙo, sai haƙori ya ratsa ya tarar da jatan landen, ƙwas, da ɗan ruwa mai zaƙi kamar yanzu aka fito da shi daga teku. Babu yaji, babu maggi, babu abin da zai ɓoye laifi idan kayan ba sabo ba ne. Mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya ba mu da matsala da abin da ya fito daga ruwa, don haka na ci uku na bar wa Alhaji ɗaya.

Siu mai ya biyo baya, mai rawayan ɓawo, buɗe ta sama kamar ƙaramin kofi da aka cika har ya tumbatsa. Wannan shi ne wanda a ko'ina da alade ake yi. A nan kaza ce. Na tambayi tsohon ko ɗanɗanon ɗaya ne. Ya ce shi bai taɓa cin wancan ba balle ya kwatanta, amma abokansa da ba Musulmi ba suna cewa na kaza ya fi sauƙi a ciki. Ya ƙara da cewa wahalar mai girkin halal ba cire naman ba ce, cire kitsen ne, domin kitsen alade ne yake ba abubuwa da yawa laushi da maiƙo, ga kuma giyar shinkafa da ake ɗan zubawa a girkin Sinawa don kashe ƙarni. Sai mai girki ya nemo laushin ta wata hanya, da cinyar kaza maimakon ƙirji, da man gyaɗa ko na riɗi, da citta, da yawan bugun naman har ya kama jikinsa.

Curin naman sa da na kasa ci a Gwanzu, ga shi a gabana. Uku ne a ɗan faranti, a kan wani siririn ɓawon waken suya. Laushinsa ya ba ni mamaki, kusan kamar alala, kuma can ƙasa akwai ƙamshin busasshen ɓawon lemo da suke ajiyewa shekara da shekaru. Na ci shi a hankali. Laoban nake tunawa.

Wanda ya fi kama da gida shi ne lo mai gai. Ƙunshi ne a ganye, ganyen wani irin bado mai faɗi, an naɗe shi kamar yadda ake ƙunshe alala. Ana warwarewa tururi ya taso da ƙamshin ganyen. A ciki shinkafa ce mai danƙo, a tsakiyarta kaza da lemar kwaɗi irin wadda ake ci da romo mai duhu da ya ratsa ko'ina. Guda ɗaya ya isa ya tsayar da yunwar mutum, shi ya sa ake rabawa. Alhaji ya ce da za a kai wannan Maradi a sa masa ɗan yaji, da an daina sayen komai a tasha.

Akwai cheung fan, shimfiɗar ƙullun shinkafa da aka turara ta yi santsi, aka naɗe da nama a ciki, aka kwarara mata baƙin romon waken suya mai ɗan zaƙi. Akwai wani mai kusurwa huɗu da aka soya gefensa ya yi ja, na wani farin tushe mai kama da karas da garin shinkafa. Waɗannan na ci na wuce. Ƙafar kaza ce ta tsayar da ni. Suna kiranta farcen tsuntsun almara don girmamawa. Ana soya ta, a jiƙa, a dafa, sannan a turara da baƙin wake mai kama da daddawa a ƙamshi, har fatar ta kumbura ta saki ƙashi. Ba naman ake nema ba, fatar da jijiyar ake tsotsa, a fitar da ƙananan ƙasusuwan a ajiye a gefen faranti. Mu da muke cin ganda da ƙafar sa ba mu da abin ƙyama a nan. Ɗaya daga cikin matan ta ga yadda na tsotse tawa tas, ta ɗaga mini babban yatsa.

Wani abu da na lura, babu wanda ya ɗauki kwando ya ce nasa ne. Komai a tsakiya yake, kowa ya ɗauki ɗaya ya sa a tasarsa. Guda na ƙarshe kuwa sai ya daɗe a kwando kowa yana tura wa ɗan'uwansa, kamar tsokar ƙarshe a kwanon tuwo. Kuma tsohon ya gargaɗe ni kada in taɓa soke tsinke a tsaye cikin shinkafa, domin yana kama da turaren da ake kunna wa mamaci. Ya ce shi Musulmi ne, ba ya kunna wa kowa turare, amma bai ga dalilin ɓata wa maƙwabcinsa rai a kan tebur ba.

A nan hira ta koma kan su Musulmin Sin. Na ce masa ni a zatona Musulmin Sin duk 'yan arewa maso yamma ne, masu taliya da tsire. Ya yi dariya ya ce kakanninsa 'yan Gwanzu ne, yaren Kanton ne yarensu, kuma Musulunci ya shigo garin ta teku tare da fatake fiye da shekara dubu da suka wuce. Ya tambaye ni ko na taɓa salla a masallacin Huaisheng mai tsohuwar hasumiya, wanda mutanen wurin suke danganta kafuwarsa da Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas. Na ce na yi Juma'a a wajen maƙabartar da ake cewa nan kabarinsa yake, inda 'yan Afirka suke cika. Ya ce to ka gani, mu ba baƙi ba ne a garin nan, dim sum abincinmu ne kamar yadda yake na kowa, iyayenmu mata a gida suke yi mana da naman sa da kaza tun kafin a sami wuri irin wannan. Ya faɗi haka ba da ɗaga murya ba, yana zuba mini shayi. Na ƙwanƙwasa yatsu biyu.

Na ƙarshe kayan zaƙi ne, ko da yake su ba sa ware su, kana iya cin mai zaƙi a tsakiyar mai gishiri. Na ɗauko ma lai go, wani kek mai ruwan ƙasa da aka turara maimakon gasawa, mai ramuka kamar saƙar zuma, mara nauyi. Da kuma wasu ƙwallaye da aka soya aka birkiɗa cikin riɗi, waje ƙamas, ciki danƙo, da ɗan zaƙi a tsakiya. Ƙamshin riɗin ya kai ni wurin mai kantu a ƙofar makarantarmu ta firamare.

Sai da na duba agogo na ga mun yi awa biyu a zaune. Ni da nake cin abinci a tsaye a Xiaobei, waya a kunne, ina lissafin kwali. Kwandunan da ke kanta sun fara raguwa, domin dim sum abin safe ne zuwa rana, kafin la'asar an tattara. Buta an cika ta sau biyar, shayin ya koma ruwan zuma, kuma a lokacin ya fi mini daɗi.

Wajen biya aka yi ɗan rikici. Ana cewa maai daan idan ana son lissafi, a nan kuwa katin kawai za ka kai wurin mai kuɗi. Na faki ido na haɗa da katin tsohon. Ya kama gefe ɗaya, na kama ɗaya. Ashe su ma suna kokawar biya kamar mu. Na ce masa, "Baba, a garinmu yaro ba ya zama da babba ya bar shi ya sa hannu a aljihu." Ya ce a garinsu kuma ɗan gari ba ya barin baƙo ya biya. Muna cikin haka Alhaji ya zare katunan biyu daga hannunmu ya ce shi ne ya gayyato ni, kuma ya girme ni, kuma shi baƙo ne da ya daɗe har ya zama ɗan gari, don haka ta kowace fuska nasa ne. Tsohon ya saki yana dariya. Akwai ɗan kuɗin shayi da ake sa wa kowane kai, ban da hatiman. Duk da haka abin da Alhaji ya biya mana mu uku bai kai abin da na taɓa biya ni kaɗai a wani gidan abinci na titin Nathan ba.

Aka kira azahar muna bakin lifta. Muka bi matakala muka sauka, muka yi alwala. A sahu tsohon yana damana, wani Bapakistane yana haguna. Bayan sallama ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce idan na dawo in zo ranar aiki da wuri, kafin mutane su cika, a lokacin har gau ya fi kyau. Ban tambayi sunansa ba, shi ma bai tambayi nawa ba.

A jirgin fito na komawa na buɗe WeChat na tura wa laoban hoton teburin, kwanduna a tare, babu komai a ciki. Na rubuta masa cewa yau na ci duk abin da ya so in ci a waccan shekarar. Ba mu kai tsakiyar ruwa ba ya amso da tambaya, wanne ya fi mini daɗi. Na ce curin naman sa. Ya ce in turo masa adireshin wurin, a zuwana na gaba shi zai hau jirgin ƙasa ya same ni a can, kuma kada in kuskura in taɓa katin.